Tulu ne ko fuskoki biyu? Muhawara a kan aikin Edgar Rubin

Malam Nasiru:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Jiya na ɗora wani hoto a zauren nan ban ce komai a kansa ba. Wasunku sun rubuta cewa farin tulu suka gani a tsakiyar baƙin fili, wasu suka ce fuskokin mutum biyu ne baƙaƙe suna kallon juna, har wata 'yar'uwa ta ce ta daɗe tana dubawa ba ta ga ko hanci ɗaya ba. Da gangan na yi shiru, domin ina son mu tattauna a kan mutumin da hoton yake ɗauke da sunansa, wato Edgar Rubin, masanin halayyar ɗan'adam ɗan ƙasar Danmak, wanda a ganina an san hotonsa fiye da yadda aka san abin da ya faɗa.

An haife shi a birnin Kopenhagen a 1886, cikin wani iyali na Yahudawa, kuma a wannan shekarar ce Alfred Lehmann, wanda ya yi karatu a wajen Wilhelm Wundt a Leipzig, ya buɗe ɗakin gwaji na farko na wannan fanni a ƙasar. Da Rubin ya shiga jami'a, a hannun Lehmann ɗin ya koyi gwaji, ya kuma koyi falsafa a wajen Harald Høffding. Daga nan ya tafi Göttingen ta Jamus ya yi aiki a ɗakin gwajin Georg Elias Müller, mutumin da ya shahara da tsauri wajen auna abu da maimaita shi. Abin da ya tara a can ne ya zama kundinsa na digirin digirgir a 1915, mai suna Synsoplevede Figurer, ma'ana surorin da ake riska ta hanyar gani. An fassara shi zuwa Jamusanci a 1921, kuma daga nan ne duniya ta san da shi.

Maganarsa a taƙaice ita ce, duk lokacin da muka buɗe ido, abin da ke gabanmu yana rabuwa gida biyu: akwai sura, wato abin da ya fito fili ya zama abu, akwai kuma shimfiɗa, wato abin da ya koma baya ya zama wurin da surar take kai. Ni haka nake fassara wa ɗalibaina kalmomin biyu. Ina son jin ra'ayinku, musamman waɗanda suke ganin abin wasan yara ne.

Injiniya Bello:
Wa alaikumus salam, Malam. To ni ina cikin waɗanda ka ambata a ƙarshe, kuma ba zan ɓoye ba. Na san hoton tun ina sakandare, kuma har yau ban ga abin da ya sa za a ba mutum babban digiri saboda ya lura cewa rubutu yana kan takarda, tsuntsu kuma yana cikin sararin sama ba. Kowane mai ido ya san wannan. Bayan haka na taɓa karantawa cewa ba shi ne ya fara zana irin wannan hoto ba. Idan hoton ba nasa ba ne, maganar kuma kowa ya san ta, me ya rage masa?

Malam Nasiru:
Injiniya, batun hoton ka yi gaskiya. Tun a shekarun 1790, bayan juyin juya halin Faransa, masu goyon bayan sarauta sun buga hotunan da aka ɓoye fuskokin Sarki Louis na 16 da matarsa a gefen tulu da rassan bishiya, yadda wanda bai sani ba zai wuce bai gan su ba. Saboda haka dabarar ta girmi Rubin da fiye da shekara ɗari. Abin da ya rage masa shi ne tambayar da ya yi, wadda masu zanen ba su yi ba: mene ne takamaimai yake sauyawa a cikin ganin mutum lokacin da tulu ya koma fuskoki, alhali ko ɗigon tawada bai motsa a takardar ba?

Ka sake duba hoton, ka sa ido a kan layin da ya raba fari da baƙi. Layi ɗaya ne tak a kowane gefe. Idan kana ganin tulu, layin na tulu ne, shi ne ya ba shi wuya da ciki da gindi, baƙin kuma ba shi da siffa ko kaɗan, yana kama da duhun da ya zarce ta bayan tulun. Da zarar fuskoki sun bayyana, wannan layin dai ya zama goshi da hanci da leɓe da haɓa, farin da ke tsakiya kuma ya rasa siffarsa ya zama sarari kawai. A lissafi, iyaka ta ɓangarori biyu ce daidai wa daida, kamar katangar da ke tsakanin gidaje biyu. A gani kuwa, ɓangare ɗaya ne yake mallakar ta a lokaci guda, ɗayan ya tashi a tutar babu. Wannan shi ne abin da Rubin ya bayyana, tare da cewa sura tana zama kamar ta fi kusa da mai kallo, launinta yana zama kamar ya fi kauri da tsayawa wuri ɗaya, kuma ita ce ke zama a zuciya bayan an ɗauke hoton.

Wannan na ƙarshen bai tsaya ga faɗa ba, ya gwada shi. Ya riƙa nuna wa mutane zane-zane marasa ma'ana masu launi biyu, yana umurtar su da su ɗauki wani ɓangare a matsayin sura. Bayan wani lokaci sai ya sake nuna musu. Ya tarar sun fi komawa ga ɓangaren da suka ɗauka da farko, kuma idan aka sa su juya abin, wato abin da ya kasance shimfiɗa ya zama sura, sau da yawa ba sa gane cewa sun taɓa ganin zanen. Hasken da ya shiga idonsu a karo na biyu shi ne na karon farko, amma a wurinsu sabon abu ne. Ina ganin wannan ya wuce abin da kowane mai ido ya sani.

Hajiya Rabi:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ce wadda ba ta ga fuskoki ba jiya, kuma sai da ɗiyata ta ɗora yatsa a kan allon wayar ta ce, "Mama, ga hanci nan, ga baki," sannan suka fito mini gaba ɗaya, har na ji wani iri, domin tulun da na shafe mintoci ina kallo ya ɓace kamar ba a taɓa zana shi ba.

Amma bayanin Malam ya tuna mini da sana'ata. Na shekara fiye da ashirin ina yi wa amare lalle. Idan baƙin lalle ne da ake zanawa, abin da hannu ya zana shi ne adon. Jan lalle na salatif kuwa akasin haka ne: za ka yanka salatif ka manna a ƙafa ko a tafin hannu, ka shafe ko'ina da lalle, idan ya kama aka ɓamɓare, wurin da lallen bai taɓa ba shi ne furen. Duk yarinyar da na koya wa aikin nan, a nan take fara tuntuɓe. Tana yanka salatif tana tunanin inda ja zai kasance, sai a wanke a ga furen ya fito a karkace, ko ya yi faɗi har ba a san ko shi ne adon ko jan ba. Nakan ce musu su rage faɗin farin, su kuma bari jan ya kewaye shi ta kowane gefe, in ba haka ba ido ba zai kama shi ba. Ban san akwai wanda ya yi littafi a kan wannan ba.

Malam Nasiru:
Hajiya, Allah ya saka da alheri, domin ƙa'idodi biyun da kike ba yaranki suna cikin waɗanda Rubin ya rubuta: ɓangaren da ya fi ƙanƙanta, da ɓangaren da aka kewaye, su ne suka fi saurin zama sura. Ya kuma lura da cewa idan aka raba da'ira gida takwas aka yi mata launi biyu bi da bi, gicciyen da ke tsaye daidai, sama da ƙasa da dama da hagu, ya fi saurin fitowa a kan wanda ya karkace.

Aminu:
Malam, ni ɗalibi ne, ku yi mini afuwa idan na yi kuskure. Abin da na fahimta daga wannan hoto shi ne babu wata gaskiya guda ɗaya. Wani ya ga tulu, wani ya ga fuskoki, kuma duka sun yi daidai. Ke nan karin maganar da ke cewa gani ya kori ji ta rushe, tunda kowa da abin da idonsa yake nuna masa, kuma haka lamarin yake a siyasa da sauran saɓanin mutane.

Malam Ɗahiru:
Aminu, Allah ya yi maka albarka, amma ka yi gaggawar tsallakawa daga takarda zuwa duniya. Hoton nan da gangan aka auna shi aka daidaita ɓangarorinsa don kada ɗaya ya rinjayi ɗaya, kuma duk da haka abu biyu kaɗai yake ba ka dama ka gani. Babu wanda ya duba ya ce ya ga raƙumi. Idan ka fita tsakar gida ka ga tulu na gaske a gindin bishiya, yana da inuwa, yana da nauyi, yana tare maka abin da ke bayansa, babu wani saɓani da zai taso a kansa.

Abin da nake son ƙarawa shi ne, wannan magana ta cewa gani ba ya ƙarewa a ido tana da tsohon tarihi. Ibn al-Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya bambanta a cikin Kitab al-Manazir tsakanin abin da ido yake riska kai tsaye, wato haske da launi, da abin da ake riska ta hanyar ganewa da kuma ƙiyasi da rarrabewa, kamar nisa da girma da siffa. Ya ce wannan ƙiyasin yana gudana da sauri ƙwarai har mutum ba ya jin ya yi shi. Ya kuma ware kashi guda na littafin ga kurakuran gani. Ba ina cewa Rubin daga wurinsa ya ɗauko ba ne, kuma batun mallakar iyaka na Rubin ne. Sai dai ina tambayar Malam Nasiru: shin Rubin zai yarda a kira abin da ya gano ƙiyasi?

Malam Nasiru:
Allah ya gafarta Malam, tambayar ta taɓa halin mutumin kansa. Rubin ya kasance mai ƙyamar manyan bayanai da ake rufe jahilci da su. Ya fi son a tsaya a bayyana abin da mutum yake riska daki-daki kafin a ce ga dalilinsa. A tsakiyar shekarun 1920 ya gabatar da wata maƙala a taron masana a Jamus wadda take cewa abin da ake kira maida hankali babu shi. Nufinsa shi ne, idan aka tambayi masani me ya sa wane ya ga tulu, sai ya amsa da cewa saboda ya maida hankali ga tulu, to bai bayyana komai ba, ya sake maimaita tambayar ne da wata kalma. Saboda haka ina kyautata zaton zai nemi a nuna masa yadda ƙiyasin yake gudana kafin ya karɓi sunan.

Wannan halin ne ma ya sa bai shiga sahun masanan Jamus da ake kira 'yan Gestalt ba, wato su Max Wertheimer da Wolfgang Köhler da Kurt Koffka. Su sun rungumi aikinsa hannu bibbiyu, suka mayar da sura da shimfiɗa ɗaya daga ginshiƙan mazhabarsu, har yau littattafan makaranta da yawa suna jera sunansa a cikinsu. Shi kuwa ya ci gaba da zama a Kopenhagen, inda ya gaji kujerar Lehmann a 1922, yana horar da ɗalibai a kan tsantsar lura. Shi ne ya shugabanci babban taron duniya na masana wannan fanni da aka yi a birnin a 1932.

Dakta Hauwa:
Assalamu alaikum. Na makara, amma na karanta komai. Ina son in amsa wa Injiniya da Malam Ɗahiru a tare, domin abin da Rubin ya bayyana da baki, an zo an same shi a cikin ƙwaƙwalwa bayan shekara 85. A 2000, Rüdiger von der Heydt da abokan aikinsa a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka sun buga sakamakon gwajin da suka yi a kan birai, inda suka auna aikin ƙwayoyin jijiya ɗaya bayan ɗaya a sashen gani da ke bayan kai. Kowace ƙwaya a wannan sashe ɗan ƙaramin wuri kawai take kulawa da shi a cikin abin da ido ke kallo. Sai suka nuna mata layi guda, fari a hagu, baƙi a dama, ta hanya biyu: sau ɗaya layin gefen farin murabba'i ne da ke hagu, sau ɗaya kuma gefen baƙin murabba'i ne da ke dama. A ɗan wurin da ƙwayar take gani babu wani bambanci. Duk da haka ƙwayoyi da yawa, musamman a yankin da ake kira V2, sun amsa da ƙarfi a hali ɗaya suka yi sanyi a ɗayan. Ma'ana suna ɗauke da labarin wane gefe ne ya mallaki layin, kuma suna yin haka cikin ɗan abin da bai kai ƙiftawar ido ba.

An kuma yi gwaji da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa a kan mutane suna kallon tulun Rubin ɗin kansa, aka ga yankin da ya ƙware wajen gane fuska yana ƙara aiki a lokacin da mutum yake ganin fuskoki, yana raguwa idan ya koma ga tulu.

A wurin aiki nakan ga amfanin wannan a zahiri. Akwai wani dattijo da yanar ido ta fara kama shi, wanda ya riƙa tuntuɓe a matakalar gidansa, alhali yana iya karanta manyan haruffa a allon gwaji. Da muka bincika, matakalar siminti ce mai launi ɗaya daga sama har ƙasa, gefen kowane mataki ba ya fita daga na ƙasansa. Kafin a yi masa aiki na ce wa 'ya'yansa su shafa farin fenti a bakin kowane mataki, kuma su daina zuba masa farar shinkafa a farin faranti. Da suka dawo bayan mako biyu suka ce ya daina laluben bango.

Injiniya Bello:
Dakta, na karɓi wannan, domin abu ne da aka auna. Amma akwai inda har yanzu nake da ja. Malam ya nuna kamar ido yana fara raba sura da shimfiɗa ne, sannan daga baya mutum ya gane mene ne abin. To Hajiya ba ta ga fuskoki ba sai da aka ce mata ga hanci. Ashe ke nan sanin da mutum yake da shi yana shiga tun kafin rabon.

Dakta Hauwa:
Injiniya, ka taɓo wurin da masana suka daɗe suna jayayya a kai. Shekaru da dama an ɗauka rabon yana zuwa da farko, ganewa ta biyo baya. Daga farkon shekarun 1990 Mary Peterson ta Jami'ar Arizona ta nuna cewa idan gefe ɗaya na layi yana kama da wani sanannen abu, kamar inuwar mace a tsaye, mutane sun fi ɗaukar wannan gefen a matsayin sura, kuma idan aka kifa hoton kai a ƙasa wannan rinjayen yana raguwa, duk da cewa girma da launi ba su sauya ba. Saboda haka sabo yana da hannu. Adalci dai shi ne a tuna cewa gwajin Rubin na farko da Malam ya kawo, inda mutane suke komawa ga abin da suka gani a baya, shi ma hannun sabo yake nunawa.

Aminu:
Na gode da gyara, Malam Ɗahiru. Ina da wata tambayar. Na ji an ce Rubin yana da alaƙa da Niels Bohr, masanin kimiyyar fiziks, kuma daga hoton nan ne Bohr ya samo ra'ayinsa cewa haske yana iya zama kamar igiyar ruwa ko kamar ƙwaya amma ba a ganin duka biyun a gwaji ɗaya. Gaskiya ne?

Malam Nasiru:
Alaƙar gaskiya ce. Dangi ne, kuma tun suna ɗalibai suna cikin wata ƙaramar ƙungiyar tattaunawa ta ɗaliban Høffding mai suna Ekliptika, tare da Harald, ƙanen Niels. Bohr ya gabatar da wancan ra'ayi nasa a 1927 a garin Como na Italiya, shekara 12 bayan kundin Rubin, kuma wasu masana tarihin kimiyya sun yi hasashen cewa hirarsu ta yi tasiri a kansa. Hasashe ne, kuma a matsayin hasashe ya kamata ka riƙe shi, domin Bohr yana da dalilansa daga gwaje-gwajen fanninsa waɗanda suka ishe shi.

Abin da ya tabbata shi ne ƙaddarar da ta haɗa su daga baya. Jamus ta mamaye Danmak a watan Afrilun 1940. A kakar 1943, da labari ya fita cewa za a kama Yahudawan ƙasar, jama'a suka tashi suka tsallakar da kimanin mutum 7,000 zuwa Suwidin, akasari a cikin jiragen masunta, da dare. Bohr, wanda mahaifiyarsa daga gidan Yahudawa take, ya tsallaka a lokacin, Rubin ma ya bar ɗakin gwajinsa ya yi gudun hijira zuwa Suwidin yana da shekara 57. Ya dawo bayan yaƙi ya ci gaba da aikinsa, ya tattara maƙalunsa a littafi guda a 1949, ya rasu a 1951. Ina yawan tunanin wannan idan na ga ana yawo da hotonsa a intanet ba tare da ko sunansa ba.

Hajiya Rabi:
Allah sarki. Malam, kafin a tashi, ina da roƙo. Tun jiya nake ƙoƙarin in ga tulun da fuskokin a lokaci guda, na kasa. Da na kama ɗaya sai ɗayan ya kuɓuce. Matsalar idona ce, ko kowa haka yake?

Dakta Hauwa:
Hajiya, idonki lafiya lau. Kina iya sanin cewa duka biyun suna nan, amma layin ba ya zama na tulu da na fuska a lokaci ɗaya, shi ya sa suke karɓa-karɓa. Idan kin ci gaba da kallo ba tare da kin yi wani ƙoƙari ba, za ki ga suna juyawa da kansu bayan 'yan daƙiƙoƙi.

Malam Nasiru:
Haka ne. Hajiya, ni ma ina da roƙo a wurinki. Ranar Litinin zan koyar da wannan darasi ga ɗaliban shekarar farko, kuma na saba fara shi da tulun Rubin. A wannan karon ina son in fara da lallen salatif, domin rabin ajin mata ne kuma sun san shi da hannunsu. Idan kina da hoton aiki guda biyu, ɗaya wanda furen ya fito sosai, ɗaya kuma na mai koyo wanda farin ya yi faɗi har ya rikice da jan, ki turo mini, hannu ko ƙafa kawai ba tare da fuskar kowa ba.

Hajiya Rabi:
Ina da su, Malam. Zan nemi izinin masu hannun tukuna, in sun yarda zan turo maka kafin Lahadi da yamma, in sha Allahu.